Yadda Faɗa-wuta Ke Gane Matarsa Cikin Duhu

Ran nan da dare, bayan sallar lisha, muna zaune a barandar ɗakin karatu ni da waɗansu 'yan aji biyu, an kunna fitila, sai ga 'yan ƙwarin nan da mu ke kira faɗa-wuta sun yi mata caa. Wani daga cikin samarin ya kama biyu a tafin hannunsa, ya dudduba, ya ce, "Malam, ni abin da ke ɗaure mini kai, waɗannan duk kamarsu ɗaya, toka-toka, ga shi kuwa da dare su ke yawo. To, yaya namiji ke gane tasa matar, bai kamo ta wani ba?" Sauran suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, gama tambayar nan ta wahal da manyan masana wajen shekara tamanin. Na yi masa alkawari zan ba da amsa a mujallarmu don kowa ya samu, ga shi na cika.

Da fari dai mu san wanda mu ke magana a kansa. Faɗa-wuta ɗan'uwan malam-buɗe-littafi ne, sai dai shi yawanci da dare ya ke fita. Daga ƙwai ya kan zama tsutsa, tsutsar ta ci ta ƙoshi, ta shiga ɓawo ta kwanta, sa'an nan ta fito da fiffike. Asun da ke cin tufafi a akwati danginsa ne. Haka tsutsar da ke saƙa zaren da a ke yin rigar tsamiya da shi, haka kuma tsutsotsin da ke ɓata mana masara da auduga da gero. Irinsu da masana suka ba suna ya wuce 100,000. In ya fito da fiffike kwanakinsa kaɗan ne, waɗansu ma ba su da bakin cin abinci ko kaɗan. Aikinsu ɗaya, su sami abokin aure kafin ƙarfinsu ya ƙare. In kuwa mace ta yi kuskure ta haɗu da namijin wani iri, sau da yawa ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa, ko kuwa 'ya'yan su fito ba su haihuwa. Kun ga ashe tambayar yaron nan ba ta dariya ba ce.

Labarin ya faro ne daga wani malamin makaranta Bafaranshe, Jean-Henri Fabre, wanda aka haifa a 1823, ya rasu a 1915. Wata safiya cikin watan Mayu, wata macen faɗa-wuta ta fito daga ɓawonta a ɗakin aikinsa. Irin manyan nan ne na ƙasar Turai, masu zanen ido a fiffike, faɗinsu ya kai inci shida. Ya kife ta da wani murfi na waya, ya tafi sha'aninsa. Wajen ƙarfe tara na dare sai gida ya rikice, ƙaramin ɗansa na ta ihu wai ga waɗansu ƙwari kamar tsuntsaye sun cika ɗaki. Maza ne, wajen arba'in, sun zo neman macen nan guda. Cikin dare takwas maza kamar 150 suka zo, alhali kuwa irin nan ba su da yawa a unguwar.

Fabre ya sa hanci, bai ji ƙanshin kome ba. Ya shiga gwaje-gwaje. In ya sa macen a akwati ya liƙe ko ina, ba namijin da ke zuwa. In ya bar 'yar kafa, sai su zo. Ya zuba abubuwa masu ƙarfin wari a ɗakin don ya rikita su, suka zo abinsu. Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda ya yi daga baya da wani iri dabam. Ya ɗauke macen daga inda ta kwana, ya kife ta da ƙwaryar gilashi a fili, inda kowa zai gan ta. Mazan suka shigo, suka wuce ta, ko kallo ba ta ishe su ba, suka tafi suka taru a kan abin da ta kwana bisansa. Ashe ba ido ke kawo su ba. Duk da haka Fabre bai saki jiki ya ce ƙanshi ne kaɗai ba, gama ya kasa yarda ƙanshin da hancin mutum bai ji ba zai iya tafiya nesa haka. Har ya yi zaton ko akwai wata irin girgiza da ke ratsa iska kamar yadda haske ke yi.

Wanda ya warware gardamar wani Bajamushe ne, Adolf Butenandt, masanin haɗa magunguna, wanda aka ba kyautar Nobel ta 1939. Ya zaɓi faɗa-wutan siliki, wanda a ke kiwo a Sin da Japan, don ana samunsa da yawa. Namijin wannan iri ba ya iya tashi, amma in ya ji mace sai ya dinga kaɗa fiffike yana kewayawa. Butenandt da mataimakansa suka riƙa yanke ƙarshen cikin matan, suna jiƙawa, suna tacewa, ko wace tacewa kuwa sai su tsoma tsinken gilashi su kai kusa da namiji su ga ko zai kaɗa fiffike. Aka shafe wajen shekara ashirin ana wannan. Mata 500,000 aka yanka, abin da aka samu a ƙarshe bai wuce miligiram 12 ba, watau bai kai nauyin ƙwayar shinkafa guda ba. A 1959 suka bayyana ko mene ne, suka sa masa suna bombikol. A shekarar nan kuma waɗansu masana biyu, Karlson da Lüscher, suka ƙago kalmar feromon daga harshen Girka, don a riƙa kiran duk wani abu da dabba ke fitarwa daga jikinta ya zama saƙo ga 'yan'uwanta na iri ɗaya.

Ga yadda abin ke gudana. In lokacinta ya yi, mace ta kan sami ganye ta zauna, ta ɗaga ƙarshen cikinta, ta turo wata 'yar jaka waje, ƙanshin ya bi iska. Masana na ce da wannan kira, ko da ya ke ba a jin sautin kome. Abin da ta ke saki cikin sa'a guda, in an raba giram ɗaya kashi miliyan dubu, 'yan kashi kaɗan ne daga ciki. Hancin namiji kuwa shi ne 'yan ƙahonin nan biyu da ke kansa. Ku duba na manyan, za ku ga kamar gashin tsuntsu su ke, na mace kuwa sirara ne. A ƙarƙashin madubin likita, ko wane ƙaho na faɗa-wutan siliki yana da 'yan gasu wajen 17,000 waɗanda ba su da aiki sai tarbar ƙanshin mace. A 1970 aka nuna a Jamus cewa ƙwaya guda tak ta bombikol, mafi ƙanƙanta da za a iya samu, ta isa ta motsa jijiyar da ke cikin gashi ɗaya.

Kada ku ɗauka namijin yana bin inda ƙanshi ya fi ƙarfi ne, kamar yadda mu ke bin ƙanshin tsire. Ku dubi hayaƙin murhu in iska na kaɗawa, ba a miƙe ya ke tafiya ba, tsinkewa ya ke yi guntu-guntu. Haka ƙanshin macen ya ke. Da namiji ya ci karo da guntu ɗaya sai ya juya ya fuskanci iska ya yi gaba. Yana gane inda iska ta nufa ne da ido, ta wurin kallon yadda ƙasa ke wucewa a ƙarƙashinsa. In ƙanshin ya ɓace masa sai ya daina gaba, ya shiga kai da kawowa dama da hagu, yana ƙara faɗi, har ya sake cin karo da shi. Da haka da haka har ya iso. Tsofaffin littattafai su kan ce daga mil da yawa ya ke jiwo ta. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna yawanci tsakaninsu ba ya wuce yadi ɗari ko 'yan ɗarurruwa, abin da ya rage yawon namijin ne ya kawo shi kusa.

To, yanzu mun zo ainihin tambayar. A gona guda, cikin dare guda, mata iri-iri suna kira gaba ɗaya. Da fari masana sun zaci ko wane iri yana da nasa ƙanshi guda wanda ba mai shi sai shi. Da aka ci gaba da bincike sai aka ga ba haka ba ne. Abubuwan da su ke haɗa ƙanshin da su kaɗan ne, kusan duk dangin mai ne, ko wanne kamar ɗan carbi mai 'ya'yan kabon daga goma zuwa goma sha takwas, da lanƙwasa a wani wuri. Iri da yawa suna tarayya a kan abu guda. Abin dariya ma, a 1996 aka gano cewa giwar ƙasar Asiya, in tana neman namiji, tana fitar da wani abu cikin fitsarinta wanda shi ne daidai abin da faɗa-wuta fiye da iri ɗari ke kira da shi. Ba a dai taɓa jin toron giwa ya bi faɗa-wuta ba.

Asirin yana wurin awo. Mace ba abu guda ta ke saki ba, gauraye ta ke yi na abu biyu, ko uku, ko fiye, ko wanne da ma'auninsa. Ku da ke koyar da Hausa kun san kuka na ido da kuka ta miya, baƙaƙensu ɗaya, karin murya ne ya raba su, Bahaushe kuwa ba ya rikicewa. Haka namijin faɗa-wuta ya ke da gaurayen matarsa. Ga misali daga gonar auduga. Tsutsar nan mai huda ƙwallon auduga da tumatir, wadda manomanmu suka sani sarai, masana na kiran uwarta Helicoverpa armigera. Tana da 'yar'uwa, Helicoverpa assulta, mai cin taba da barkono, a ƙasar Sin kuwa gona ɗaya su ke kwana. In ka ajiye su tare da wuya ka rarrabe. Abu biyu ne manya cikin kiransu, kuma su ne dai a wurin duka biyun. Amma ta auduga tana zuba na farko fiye da kashi 90 cikin 100, ta ɗiga na biyu. Ta taba kuwa sai ta juya awon, na biyu ya yi rinjaye. Wannan kaɗai ya isa ko wane namiji ya nufi tasa.

Waɗansu ba su tsaya nan ba, har kashedi su ke sakawa cikin kiran. A Amurka akwai iri biyu 'yan'uwan juna, Heliothis virescens da Heliothis subflexa, gaurayensu ya yi kusa ƙwarai. Macen ta biyun ta kan ƙara wani abu wanda bai hana nata namijin zuwa ba, amma in namijin na farkon ya ji shi sai ya fasa tafiya, ko da ya riga ya kamo hanya. Abin da ya ba ni mamaki a nan, namijin nan yana da gasu a ƙahonsa musamman don jin abin da matarsa ba ta yi, watau an halicce shi da kunnen jin "ba da kai na ke ba". An kuma lura cewa inda mazan wancan iri suka yi yawa, matan nan su kan ƙara yawan abin kashedin.

Sai kuma lokaci. Waɗansu da magariba su ke kira, waɗansu tsakar dare, waɗansu sai gab da asuba, waɗansu ma da la'asar rana na sama. Namiji kuwa a sa'ar matarsa ya ke tashi nema. In duk wannan bai hana baƙo isowa ba, akwai shinge na ƙarshe. Mazan iri da yawa suna da wani ɗan gashi kamar buroshi, in sun iso kusa sai su baje shi su fifita wa macen nasu ƙanshin. In bai yi mata ba, ta kan tashi ta bar shi nan.

Wani zai ce, to, in kowa na riƙe da nasa awo haka, ta yaya sabon awo zai taɓa samuwa? Macen da ta sāke gauraye ai ba mai zuwa wurinta. Wannan tambaya ce mai ƙarfi, abin da ya ƙara mata ƙarfi kuwa shi ne labarin tsutsar karan masara ta Turai, Ostrinia nubilalis, wadda aka fara gani a Amurka a 1917. Iri ɗaya ne, amma gida biyu. Matan gida ɗaya suna haɗa abu biyu, kashi 97 da kashi 3. Na ɗaya gidan kashi 1 da kashi 99. Abubuwan nan biyu ba su da bambanci sai wajen da carbin ya lanƙwasa. A jihar New York gidajen biyu suna zaune wuri ɗaya, amma auratayya tsakaninsu kaɗan ce. In an tilasta su a ɗakin gwaji su kan haihu lafiya, 'ya'yansu mata su yi gauraye na tsaka-tsaki, wajen 35 da 65. A 2010 aka gano ƙwayar gadon da ke sa awon mace, a 2021 aka gano wadda ke sa zaɓin namiji, kuma ba wuri ɗaya su ke ba, ko wace da inda a ke gadonta. Watau bakin mace na iya sākewa ba tare da kunnen namiji ya sāke ba.

Haske ya zo daga wani ɗakin gwaji a Amurka, inda a ke kiwon faɗa-wutan da tsutsarsa ke cin kabeji. A 1990 aka ba da labarin cewa waɗansu mata sun fito a cikinsu da gauraye dabam, saboda sākewar ƙwayar gado guda. Da fari mazansu ba su cika kula su ba, sun fi son tsohon awo. Aka ware su, aka bar su suna ta haihuwa a junansu. Bayan haihuwa 49 bi da bi, sai aka tarar mazan suna amsa sabon kira daidai da tsohon. A ganina ma'anar wannan a fili ta ke. Cikin maza kullum akwai 'yan kaɗan marasa tsananin zaɓe, su ne ke samun matan da saura suka ƙyale, 'ya'yansu kuma su gaji halinsu. Mace ta kan yi gaba, maza su biyo a hankali. In aka daɗe, kuma wani abu kamar nisan ƙasa ko bambancin abinci ya shiga tsakani, gida ɗaya na iya zama biyu.

Duk wannan ba labarin ƙasashen nesa kaɗai ba ne. A watan Janairu na 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa a gonakin masara na wajen Badun, ita ce Spodoptera frugiperda, 'yar asalin Amurka. Nan ne farkon ganinta a Afirka duka, cikin shekara biyu kuwa ta game yawancin ƙasashen da ke kudu da Sahara. Ita ce mai shiga cikin kan masara ta yi kaca-kaca da ganye, ta bar kashi kamar dusa. Ita ma gida biyu ce, masu son masara da masu son shinkafa da ciyawa, a Amurka kuwa an ga na masara da farkon dare su ke aure, na shinkafa sai dare ya yi nisa.

Ma'aikatan gona su kan kafa mata tarko, ɗan bokiti da murfi, a ciki an rataye ɗan guntun roba da aka jiƙa da kiran macen, wanda aka haɗa a ma'aikata. Ba mu muka fara wannan dabara ba. A Amurka akwai wani gizo-gizo da ba ya saƙa, sai ya rataya zare ɗaya mai ɗigon danƙo a baki, ya saki ƙanshin macen faɗa-wuta, in namiji ya zo ya wurga masa. Wani irinsa har awo ya ke sākewa, da farkon dare ya kira iri ɗaya, can tsakar dare ya koma kiran wani.

Ku da za ku fita ƙauyuka koyarwa, manoma za su tambaye ku labarin bokitin nan, don haka ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, ba magani ba ne. Maza kaɗai ya ke kamawa, namiji guda da ya tsira kuwa ya isa mata da dama. Amfaninsa ya yi maka gangami cewa baƙi sun iso, ka shiga gona ka duba ganye, ka yi abin da za ka yi tun tsutsa na ƙarama, kafin ta nutse cikin kan masara. Na sha ganin wanda ya kafa tarko ya koma gida ya miƙe ƙafa, ya dawo ya iske gona kamar an yi ƙanƙara. Na biyu, ba duk abin da ya faɗa ciki ne ita ba. Babban abin da ke cikin kiranta waɗansu iri ma suna da shi, in awon robar bai zauna daidai ba sai su ma su zo. Namijin na gaske yana da ɗan farin tabo a bakin fiffikensa na gaba. Tsutsar kuwa tana da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere murabba'i kusa da wutsiya.

Akwai wata hanya da ta fi tarko ƙarfi, ita ce a cika gona duka da ƙanshin har namiji ya rasa inda zai nufa. An fara sayar da irin wannan a Amurka a 1978 saboda jar tsutsar auduga, kuma yana cikin abubuwan da aka haɗa har aka yi shelar ƙarewarta daga gonakin audugar ƙasar a 2018. Amma sai gona ta yi faɗi ƙwarai ya ke ci. A 'yar gona mai eka ɗaya ko biyu, macen da ta riga ta yi aure a gonar maƙwabci sai ta ƙetaro ta zuba ƙwanta. In za a yi shi a wurinmu, sai gari guda ya haɗa kai.

Wanda ke so ya nuna wa yaransa abin da Fabre ya gani ba ya bukatar kuɗi. A tona gindin masarar da tsutsa ta ci, zurfin inci biyu ko uku, za a sami ɓawonta, ja-ja kamar ƙwallon dabino ƙarami. A sa ko wanne a gwangwaninsa dabam da 'yar ƙasa mai laima, a rufe da ƙyalle. Na nanata dabam, gama ni karon farko duka na zuba a gwangwani ɗaya, suka fito suka yi aurensu a ciki, macen da ta yi aure kuwa ta kan bar kira. Na kwana uku ina gadin keji ni da 'yan aji, ba abin da ya zo sai sauro. Cikin kwana goma za su fito. A zaɓi mata biyu, su ne marasa farin tabon nan. Ɗaya a sa ta a kejin waya, ɗaya a kwalba mai faɗi a toshe, a rataye su nesa da juna a bakin gona, ƙarƙashin ko wacce a ajiye tasa da ruwan sabulu. In za a leƙa da dare a rufe tocila da jan ƙyalle, don jan haske bai cika damunsu ba. Da safe yara su ƙirga abin da ke cikin ko wace tasa, su rubuta a littafinsu.